Mai Sharar da Aka Ɗauka Aiki a 1849: Tarihin Dodon Koɗi a Akwatin Ruwan Teku

A watan Mayun 1849, wani masanin ilimin sinadarai a birnin Landan mai suna Robert Warington ya samo babban tulun gilashi mai cin galan 12, wato kimanin lita 55. Ya shimfiɗa masa yashi da laka da 'yan duwatsu, ya zuba ruwa zuwa rabi, ya dasa wata ciyawar ruwa da masana ke kira Vallisneria, sannan ya saki ƙananan jajayen kifaye guda biyu a ciki. Abin da yake son gani shi ne ko kifi da tsiro za su iya riƙe juna a ruwan da ba a canzawa: tsiro ya fitar da iskar oksijin da kifi ke shaƙa, kifi kuma ya fitar da iskar kabon da tsiro ke bukata. Da farko al'amari ya tafi daidai. Daga baya tsofaffin ganyen ciyawar suka fara ruɓewa, ruwan ya gurɓace, gansakuka ta lulluɓe gilashin har haske ya daina ratsawa yadda ya kamata.

Warington bai zubar da ruwan ba. Sai ya kawo dodon koɗi na kududdufi guda biyar ko shida, irin da ake kira Limnaea stagnalis, ya jefa su ciki. Suka bi ruɓaɓɓen ganye da gansakuka suna ci, ruwa ya washe, ciyawa ta farfaɗo. Har ƙwan da suka riƙa sakawa ya zame wa kifayen abinci. A watan Maris na 1850 ya karanta rahoton wannan gwaji a gaban Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Landan, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1841. Tun daga wannan rahoto dodon koɗi ya samu muƙamin da har yau bai sauka daga kansa ba a duniyar masu kiwon kifin ado, muƙamin mai shara. Kuma tun daga nan aka gaji wata ɗabi'a da ke kashe miliyoyinsu: ana tambayar aikin da dabbar za ta yi wa mai akwati, ba a tambayar inda ta fito da abin da take ci.

Daga kududdufi zuwa teku

Ba Warington ne ya fara tsare halittun ruwa a gilashi ba. A 1832 wata Bafaranshiya mazauniyar Messina a tsibirin Sisili, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera akwatunan da ta yi nazarin halittun teku da su. A 1846 kuma Anna Thynne, matar wani babban limamin majami'ar Westminster, ta ɗauko ƙananan murjani masu rai daga gaɓar Torquay ta kai su Landan, ta raya su kusan shekara uku. Dabararta mai wahala ce: kullum sai mai aikinta ta tsaya bakin taga tana sheƙa ruwan tekun daga wannan mazubi zuwa wancan, fiye da rabin sa'a, don iska ta shige shi. Abin da ya sa tunanin Warington ya karɓu shi ne alkawarin da ke cikinsa, cewa za a huta da irin wannan wahala. A haɗa tsiro da kifi da mai shara, a koma gefe a zuba ido.

Wanda ya kai wannan alkawari gidajen jama'a shi ne Philip Henry Gosse, masanin halittu kuma gwanin zane, wanda aka haifa a 1810. Shi ya tara yawancin halittun tekun da aka zuba a Gidan Kifi na gidan namun dajin Landan, wanda aka buɗe a watan Mayun 1853, irinsa na farko da jama'a ke shiga kallo. A 1854 ya fitar da littafinsa mai suna The Aquarium, kuma ta hanyarsa wannan kalma ta zauna a Ingilishi. Zamanin ma ya taimaka masa. An soke harajin gilashi a Ingila a 1845, farashinsa ya faɗi, jirgin ƙasa kuma ya sa bakin teku ya zama tafiyar yini ga mutumin Landan. Cikin 'yan shekaru akwatin ruwan teku ya zama kayan ƙawar falon masu hali, har wani mai suna William Alford Lloyd ya buɗe kanti kusa da Regent's Park yana sayar da akwatuna da ciyayin teku da dabbobi, da ruwan tekun kansa a ma'auni.

Dodon koɗin kududdufi ba ya rayuwa a ruwan gishiri, saboda haka sai da aka nemo masa magaji. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne Littorina littorea, ɗan ƙaramin dodon koɗi mai duhun kwanso da ke manne a duwatsun gaɓar Ingila, wanda talakawan Landan ke saye dafaffe a bakin titi suna zaƙulo namansa da allura. Tare da shi akwai wasu masu kwanso mai tsini kamar katantanwar da yara ke murzawa, waɗanda a lokacin ake kira Trochus. Gosse ya kan sa gilashin ƙara girma ya kalle su ta bayan bangon akwati suna kiwo. Dodon koɗi yana da wani harshe mai kama da magagari, jere da ɗaruruwan ƙananan haƙora, da shi yake kankare gansakuka daga jikin dutse ko gilashi. Gosse ya kwatanta sawun da harshen ke bari da sawun mai yankan ciyawa da lauje. Mutum ne mai tsananin riƙon addini, kuma a wurinsa wannan tsari shaida ce ta hikimar Mahalicci, wanda bai bar ko da dattin kududdufi ba sai da ya yi masa mai kwashewa.

Sai dai akwatunan falo ba su bi littafi ba. Littorina dabbar gaɓa ce, wadda ta saba teku ya ciko ya rufe ta, ya janye ya bar ta a sarari. A akwati sai ta haura gilashi ta wuce bakin ruwa ta zauna tana jiran cikowar da ba za ta zo ba, ko ta faɗo bayan akwatin ta bushe. Idan kuwa ta mutu a ƙarƙashin dutse ba a gani ba, gawarta kaɗai ta isa ta ɓata ruwan ƙaramin akwati a dare ɗaya, musamman a ɗakin da murhun gawayi ya ɗumama. Ana maganin ƙaba, kai yana kumbura. Kafin shekarun 1860 su yi nisa yayin ya wuce, kantin Lloyd ya karye, shi kuma ya koma gina manyan gidajen kifi na jama'a, a Hamburg ta Jamus, daga baya a Crystal Palace ta Landan a 1871. A can bai dogara da tsiro ko dodon koɗi ba. Manyan rumbunan ruwa ya gina a cikin duhu, inda gansakuka ba ta samun haske, injuna na juya ruwan dare da rana.

Gaɓar tekun ce ta biya kuɗin wannan yayi. A littafinsa Father and Son na 1907, ɗan Gosse mai suna Edmund ya bayyana yadda masu tara halittu suka wawushe kududdufan duwatsun gaɓar Devon da ya sani yana yaro, har suka zama kufai, kuma bai ɓoye cewa littattafan mahaifinsa ne suka aiko da su ba.

Abin da mai shara ba ya yi

An ɗauki lokaci mai tsawo kafin a warware kuskuren da ke cikin tunanin Warington. A 1949, shekara ɗari cif bayan tulunsa, James Atz na gidan kifin New York ya rubuta maƙalar da ta kira daidaitaccen akwati tatsuniya: mafi yawan iskar da kifi ke shaƙa ta saman ruwa take shiga, ba daga ciyawa take fitowa ba. Batun mai shara ma haka yake. Dodon koɗi ba ya fitar da komai daga akwati. Yana cin gansakuka, ya riƙe kaɗan a jikinsa, ya yi kashin sauran, kashin kuma ya narke ya koma takin da sabuwar gansakuka za ta tsiro da shi. Gilashi yana yin fes, wannan gaskiya ne, amma sinadaran da suka haifi dattin suna nan cikin ruwa sai an canza shi ko an tace. Mai sharar nan yana share tsakar gida ne ya tara a bayan ƙofa.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fito fili ta hanyar wannan Littorina ɗin dai. Dabbar ta bayyana a gaɓar Nova Scotia ta Kanada wajen 1840, ta bazu kudu har ta mamaye duwatsun gaɓar arewa maso gabashin Amurka. A can ne Jane Lubchenco, wadda daga baya ta shugabanci hukumar kula da tekuna da yanayi ta Amurka, ta yi gwajin da ta buga a 1978. Ta kwashe dodon koɗin daga wasu kududdufan duwatsu, ta ƙara yawansa a wasu. Inda aka kwashe shi, wata koriyar ciyawar teku mai laushi ta mamaye wurin. Inda yake da yawa kuwa, ya cinye mai laushin tas, ya bar wata ja mai tauri da ba ya so, ita kuma ta samu fili ta yaɗu. Ashe ba shara yake yi ba, zaɓe yake yi kamar kowace dabbar kiwo, kuma abin da ya ƙi ci shi ke gadon wurin. Duk mai akwatin da ya taɓa ganin gilashinsa na sheƙi alhali wata gansakuka mai kumfa ko mai kauri ta cinye duwatsunsa, sakamakon Lubchenco yake kallo a falonsa.

Dawowar dodon koɗi

Tsawon rabin farko na ƙarni na 20 da ɗan abin da ya biyo baya, akwatin ruwan teku na gida bai da wurin dodon koɗi. Kifi kaɗai ake sakawa, a yi masa ado da busassun ƙasusuwan murjani, idan sun yi kore a ciro su a jiƙa a ruwan bilic. Maganin cututtukan kifi da aka fi amfani da shi kuwa na jan ƙarfe ne, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke kashe dodon koɗi da jatan lande da murjani. Sauyi ya fara ne a 1961, lokacin da Lee Chin Eng na Jakarta a Indunusiya ya bayyana yadda yake raya akwati da duwatsun da aka ciro daga teku da duk halittun da ke jikinsu. A shekarun 1960 aka fara sayar da haɗaɗɗen gishirin teku a buhu, wanda ya ba mutumin da ke nesa da teku damar haɗa ruwansa. Masu sha'awa a Berlin suka gyara tsarin a shekarun 1970 da 1980, suka haɗa dutse mai rai da na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa da fitilu masu ƙarfi, har murjani mai tauri ya fara girma a cikin ɗaki.

Nan matsalar Warington ta dawo da ƙarfinta. Murjanin ruwan zafi yana rayuwa ne da taimakon wasu ƙananan tsirrai da ke cikin namansa, saboda haka dole a ba shi haske mai tsanani, hasken da gansakuka ma take so. Ba dama a zuba bilic, ba dama a zuba jan ƙarfe. Sai aka koma ga dabbobin kiwo. 'Yan kasuwa a Amurka suka fara haɗa su a ƙunshi ɗaya suna sayarwa da sunan ayarin masu shara, tare da wata ƙa'idar da ta yaɗu ba tare da wani bincike a bayanta ba, wai dodon koɗi ɗaya ga kowane galan na ruwa. Akwati mai galan 100 ke nan zai ɗauki guda 100. Cikin 'yan makonni za su cinye abin da ke akwai, sannan yunwa ta fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, gawarwakinsu su zama taki, gansakuka ta dawo, mai akwati ya koma kanti ya sayo wani ƙunshin. Da wuya a samu ciniki mai daɗi ga mai sayarwa kamar wannan.

Abin da sunan ayarin masu shara ya ɓoye shi ne cewa dabbobin da ke cikin ƙunshin daga tekuna daban-daban suke. Akwatin murjani yana zama ne tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Baƙin dodon koɗin da ake sayarwa da sunan margarita daga gaɓar tekun Fasifik ta Arewacin Amurka yake fitowa, inda ruwa ke da sanyi. Wasu daga danginsa na Tegula suna wuce shekara 20 a gidansu, amma a akwati mai ɗumi 'yan watanni suke yi, zafi na dafa su a hankali. Babban Turbo na mashigin tekun Kalifoniya a Meziko gwanin cin gansakuka mai gashi ne, sai dai shi ma ya fi son ruwan da bai kai na akwati zafi ba, ga shi da ƙarfi kamar bijimi, yana ture duwatsu da 'ya'yan murjanin da ba a manne da kyau ba. Astraea na Filorida da tekun Karebiyan ya saba da dutse. Idan ya faɗo daga gilashi ya kife a kan yashi, sau da yawa ba ya iya juyowa, sai ya kwanta a haka har ƙaguwa ta same shi. Nerita ɗan gaɓa ne kamar Littorina na zamanin Gosse, kuma irin hawan da wancan ya yi shi ma yake yi, a wayi gari a tsince shi a ƙasan ɗaki.

Nassarius kuwa ko gansakukar ba ya ci. Mai cin mushe ne, yana binne kansa a yashi ya bar wani ɗan bututu a waje yana shinshina ruwa, da zarar ƙanshin nama ya iso sai ya ɓullo. Yana da amfani wajen kwashe ragowar abincin kifi da motsa yashi, amma wanda ya saye shi don kore gilashi ya yi asarar kuɗinsa. Har ma akan sayar da wani ɗan uwansa na lakar gaɓar gabashin Amurka mai sanyi, Ilyanassa obsoleta, da sunansa, saboda ana kwasarsa da shebur a banza. Sau da yawa kuma akan haɗa duk waɗannan a ƙunshi ɗaya da ƙananan ƙaguwoyin da ba su da kwanson kansu, masu zama a kwanson dodon koɗi. Idan ƙaguwar ta girma ba ta samu fanko ba, sai ta kashe mai gidan ta shige.

Akwai ɗaya a cikin ayarin da Bahaushe ya fi kowa sanin kwansonsa, ko da bai taɓa ganinsa da rai ba. Wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa, wanda jam'insa ya ba harshen kalmar kuɗi, kwanson dodon koɗin teku ne. Iri biyu ne: Monetaria moneta, da aka fi kwasowa daga tsibiran Maldives, da Monetaria annulus, wanda 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilarsa daga Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19 har yawansa ya karya darajar kuɗin. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, shekara guda bayan rahoton Warington, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya. Dabbar da ke cikin wannan kwanso mai kiwon gansakuka ce, da dare take fita, tana lulluɓe bayanta da wata fatar jikinta, wadda ita ce ke sa wuri sheƙi. Yau ana sayar da irin biyun da ransu a kantunan kifin ado na Turai da Amurka, kuma da yake 'yan ruwan zafi ne, suna cikin waɗanda zaman akwati ya fi karɓa.

Wurin da aka kwashe su

A 2009 Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka buga nazarin alƙaluman da masu kamun halittun ado na Filorida ke miƙa wa hukuma, daga 1994 zuwa 2007. Sun gano cewa kasuwar ta juya daga halittun da ake saye don kyansu zuwa waɗanda ake saye don aikinsu. A 2007 kaɗai an kwashi halittu marasa ƙashin baya kimanin miliyan 9 daga ruwan jihar, miliyan 6 daga ciki masu kiwon gansakuka ne. Nazarin bai ce an riga an ga rushewa ba, gargaɗi ya yi, kuma dalilin gargaɗin yana nan kusa a tarihin yankin. A 1983 wata cuta ta tashi daga gaɓar Panama ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema, wadda ita ce babbar mai kiwon duwatsun murjanin Karebiyan. A Jamaika, inda yawan kamu ya riga ya rage kifaye masu cin ciyawa, guguwar 1980 kuma ta farfasa murjani, babu wanda ya rage ya yi kiwon. Binciken Terence Hughes na 1994 ya nuna murjanin da ya rufe kusan rabin duwatsun a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100, ciyawar teku kuma ta tashi daga kashi 4 zuwa sama da 90. Aikin da ake sayen dodon koɗi ya yi a falo, shi yake yi a inda aka ɗauko shi, kuma a can babu mai zuwa kanti ya sayo madadinsa.

Gogaggun masu akwati a yau sun fi karkata ga Trochus na ruwan zafin tekun Indiya da Fasifik, dangin waɗanda Gosse ya kalla da gilashin ƙara girma. Zafin akwati daidai yake da na gidansu, suna iya juyowa idan sun kife, suna shekaru da rai. Mafi muhimmanci, tsutsarsu 'yan kwanaki kawai take yi tana yawo a ruwa, ba ta bukatar a ciyar da ita kafin ta sauka kan dutse, saboda haka ana iya kiwonsu a gona maimakon a tsinto su daga teku, wani lokaci ma su hayayyafa a akwatin gida. Shawarar da ta maye gurbin ɗaya ga kowane galan ita ce a jira akwati ya fara kore tukuna, a duba wace irin gansakuka ce, a sa kaɗan, a ƙara idan ba su isa ba.

Sai kuma waɗanda ba wanda ya saya. Dutse mai rai yakan zo da wasu ƙananan dodannin koɗi a ɓoye cikin ramukansa, irin su Stomatella, mai faffaɗan kwanso da saurin tafiya, wanda ke yar da bayan ƙafarsa idan an kama shi kamar yadda tsaka ke yar da wutsiya, da Collonista, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Da dare suke fitowa, suna hayayyafa da kansu, yawansu yana ƙaruwa idan abinci ya yawaita, ya ragu idan ya ƙare. Sabon mai akwati yakan haska fitila da tsakar dare ya gan su birjik a jikin gilashi, ya ɗauki hotonsu yana tambayar maganin da zai kashe su.